Jirin Inna da Duwatsun Kunnen Kifi

Dilimi, Jos
12 ga Maris, 2023

Zuwa ga 'yata Amatullahi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da karatu, da sanyin Jamus. Mu nan sai godiya. Innarki tana gaishe ki, ƙanwarki Salma tana gaishe ki, Sista Morenike ta maƙwabta ma ba ta ganina ba ta tambaye ki ba.

Na daina wahalar da ke a waya. Ranar Juma'a da kika kira, ke kina ɗaga murya ni ina ta "na'am?" har layin ya yanke. Shekara ashirin da biyu a bakin injin niƙa a kasuwar Taminus sun cinye mini kunne, ba yadda zan yi. Daga yau zan riƙa rubutawa a takarda, Salma ta ɗauki hotonta da wayarta ta turo miki. Ke ma ki rubuto, in sa tabarau in karanta a tsanake.

Ga dalilin wasiƙar. Datong, abokin kiwon tarwadata a Kuru, ya tsare ni da tambaya. Ya ce, "Oga Bala, wai yarinyar nan 'yar cikinka ce?" Na ce masa kakarmu ɗaya da mahaifiyarki, amma tun kina shekara bakwai da Allah Ya yi mata rasuwa a gidana kike, don haka 'yata ce. Ya ce to me kike karantawa. Na ce kifi. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "A je har Jamus don kifi? Ga kifi nan cike da kududdufi!" Ki yi mini bayani yadda mai niƙa zai gane.

Innarki kwana biyun nan tana ɗan fama da jiri. Ta ce ɗaki yakan juya mata. Ita dai ta ce gajiya ce, kuma ba ta fasa komai nata ba.

Naki,
Kawu Bala


Jamus
19 ga Maris, 2023

Kawu,

Wa alaikumus salam. Na ga wasiƙarka, na karanta ta sau uku. Rubutunka yana nan yadda na san shi a katin makarantata. Ina lafiya. A gaishe da Inna da Salma da Sista. A ce wa Baba Datong na ji dariyarsa har nan.

Ga amsarsa. Idan ya fasa kan kifi ya duba da kyau, zai ga wasu 'yan duwatsu farare a kowane gefe. A cikin kunnen kifin suke. Suna kwance ne a kan wasu 'yan gasu ƙanana da ido ba ya gani. Ƙasa tana jawo dutsen, dutsen yana danne gashin, gashin kuma ya sanar da ƙwaƙwalwa inda ƙasa take da inda sama take. Da haka kifi yake sanin ba a kife yake ba. Mu ma muna da irinsu a can cikin kunnenmu, sai dai namu sun fi yashi laushi.

To idan aka je inda babu nauyi fa, kamar can sararin samaniya? Dutsen ba ya danne komai. Ido yana faɗa wa ƙwaƙwalwa abu ɗaya, kunne yana faɗa mata wani. Shi ya sa 'yan sama jannati da yawa suke fama da jiri da amai a kwanakinsu na farko. Ba za a fasa kan mutum a duba ba, shi ya sa muke aiki da kifi. Nawa jarirai ne, ba su kai ƙwayar shinkafa ba, jikinsu kamar gilashi, ina ganin duwatsun da na'ura ba tare da na taɓa su ba.

A wata mai zuwa za mu je kudancin Faransa. Akwai wani jirgi da yake tashi sama a miƙe sannan ya sako kansa ƙasa, a tsakanin nan komai na cikinsa ya rasa nauyi na daƙiƙa ashirin da biyu. Zai yi haka sau talatin a tashi ɗaya. Wasu kifayen sukan ci gaba da iyonsu lafiya, wasu kuma su kama wulwulawa kamar tayar keke. Ina so in gano ko masu wulwulawar su ne waɗanda dutsensu na dama bai yi daidai da na hagu ba. Shekara uku ke nan ina jiran wannan tafiya.

Yanzu maganar Inna. Ni ba likita ba ce, Kawu, amma ka lura mini da waɗannan. Yaushe jirin yake zuwa, idan ta juya a kwance ne ko tana zaune kawai? Minti nawa yake yi? Akwai ciwon kai? Hannu ko ƙafa yana yi mata nauyi? Maganarta tana fita daidai? Ka amsa mini ɗaya bayan ɗaya.

Allah Ya kai mu azumi lafiya.

'Yarka,
Amatullahi


Dilimi, Jos
2 ga Afrilu, 2023

'Yata Amatullahi,

Assalamu alaikum. Barkanmu da shan ruwa, yau mun kai sha ɗaya. Ina fatan azumin bai yi miki tsawo a can ba. Kowa yana gaishe ki.

Na kai wa Datong amsarki. Bai yarda ba sai da muka yanka tarwada ɗaya a bakin kududdufi, ya tona kan da tsinke. Da ya ciro dutsen ya ɗora a tafin hannu, ya daɗe yana kallo. Ya ce shekara talatin yana cin kan kifi yana tofar da abin nan, bai taɓa tambayar aikinsa ba. Ya naɗe shi a takarda ya kai wa matarsa. Bai sake dariya ba.

An yi ruwan farko shekaranjiya har da ƙanƙara, ta fasa mana kwanon rufi ɗaya a kan kicin.

Ki yi haƙuri da jinkirin amsa, so na yi in lura da kyau kamar yadda kika ce. Innarki ba ta son ina tambayarta, sai ta ce na mai da ita majinyaciya. Ga abin da na gani. Jirin ya fi zuwa idan ta juya a kan gado, ko ta ɗago daga sujada. Wani lokaci kuma tana zaune tana tsince wake sai ta dafa ƙasa. Ba ya daɗewa, minti biyu ko uku ya sake ta. Sau ɗaya ta yi amai. Ciwon kai akwai, a ƙeya, amma ta ce na azumi ne. Na ce ta ajiye azumin ta ƙi, kin san halinta.


Jamus
5 ga Afrilu, 2023

Kawu,

Wa alaikumus salam, barka da shan ruwa. A gurguje nake rubutu, muna ta ɗaure akwatunan kifi, ranar Litinin za mu wuce Faransa.

Na karanta duk abin da ka rubuta, kuma hankalina ya kwanta. Wannan ya yi kama da duwatsun nan da na gaya maka. Idan mutum ya manyanta, wasu sukan ɓalle daga wurinsu su faɗa wata hanya a cikin kunnen, sai ya zama da ya juya kai ɗaki ya juya. Yana da ban tsoro amma ba ya kisa. Na tura wa Salma wani bidiyo, ta kwantar da Inna ta juya mata kai yadda aka nuna, safe da yamma. Duwatsun za su koma mazauninsu. Ta kuma sha ruwa sosai bayan buɗe baki. Idan an yi sati biyu bai ragu ba, ku je asibiti.

Labarin Baba Datong ya sa ni dariya ni kaɗai a ɗakin gwaji.

Zan yi sati uku a can, aikin ba zai bar ni in yi rubutu ba. Kada ku damu idan kun ji ni shiru.

'Yarka,
Amatullahi


Dilimi, Jos
16 ga Afrilu, 2023

Amatullahi,

Assalamu alaikum. Na san kin ce ba za ki samu damar amsawa ba, amma ga albishir. Jirin ya ragu. Kwana huɗu ke nan bai zo ba. Salma tana juya mata kai safe da yamma, Innarki tana ta tsiya, wai ta haifi yarinya ga shi tana murɗe mata wuya. Jiya har ta je Taminus da ƙafarta ta sayo atamfar Sallah, ta sayo miki taki ta ajiye a akwati.

Sista Morenike ta shigo ranar Laraba ta tarar ana yi. Ta tsaya ta kalli Innarki tana ɗaura ɗankwali da hannu ɗaya, sai ta ja ni zaure. Ta ce, "Baba Salma, wannan ba kunne ba o. Ka kai Maimunatu asibiti su duba kai." Na ce mata na gode, amma 'yarmu shekara uku tana karatun kunne a Jamus, na rubuta mata komai, ta ce ba ya kisa. Ta ce, "Ni shekara talatin na yi nas." Na ce na sani. Ta fita ranta a ɓace. Zan aika mata da abincin Sallah mu shirya.

Allah Ya sa jirgin naku ya tashi lafiya ya sauka lafiya.

Naki,
Kawu Bala


Faransa
26 ga Afrilu, 2023

Kawu,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ban san yadda ake fara irin wannan wasiƙa ba. Jiya da safe muka yi tashin farko. Ba a shiga jirgin da waya, na bar tawa a ƙasa. Muna saukowa da azahar na kunna, na ga kiran Salma goma sha huɗu. Da na kira, Sista Morenike ce ta ɗauka. Ta ce, "Amatu, ki zauna tukun." Ban zauna ba. Ina tsaye a bakin rumfar jirgin da akwatin kifi a hannuna ta gaya mini.

Na lissafa lokacin, Kawu. Sa'ad da take cikawa ina can sama, ƙafata ba ta taɓa komai, mutanen da ke kusa da ni suna ihu suna dariya. Ni ma na yi dariya.

Sista ta ce kafin la'asar an kai ta. Ko da na samu jirgi a take ba zan iske ta ba. Kuma takardar izinin zamana a Jamus ta ƙare, sabuwar ba ta fito ba, idan na taho yanzu ba zan iya komowa ba. Ina faɗa maka ne don ka sani, ba don ya zama hujja ba.

Ban gane ba har yanzu. Ka ce jirin ya ragu. Me ya faru? Salma ba ta iya magana, kuka kawai take yi. Idan ka samu ƙarfi ka rubuta mini komai, kada ka ɓoye mini.

Ita ta yi mini kitson shiga firamare. Ita ta sayar da ɗan kunnenta lokacin da na ci jami'a, ta ce mini ɓacewa ya yi. Allah Ya jiƙan Inna, Ya haskaka kabarinta, Ya ba ka haƙuri.

'Yarka,
Amatullahi


Dilimi, Jos
7 ga Mayu, 2023

Amatullahi,

Wa alaikumus salam. Mun ga ta'aziyyarki. An yi sadakar uku, an yi ta bakwai, baƙi sun watse. Kin ce in rubuta komai, to ga shi.

Ta yi Sallah lafiya. Ta sa sabuwar atamfa, ta yi waina da miyar taushe, ta aika wa Sista. Ranar Talata da hantsi tana shanya a tsakar gida, ina zaure ina ɗaure buhun abincin kifi zan tafi Kuru. Ban ji faɗuwarta ba. Ban ji ihun Salma ba. Sai da yarinyar ta zo ta fizgi rigata. Ban san minti nawa ta yi a ƙasa ina ɗaure buhu ba.

Bakinta ya karkace, ɓarin hagu duk ya saki. Sista ta tsayar da keke napep, muka sa ta a tsakiyarmu. A hanya ta riƙe ni da hannun dama, tana ta motsa baki tana kallona. Magana take yi mini. Na kai kunnena har bakinta, ƙarar keken ta hana. Na ce, "Maimunatu, sake faɗa." Ta sake. Ban ji ba. Na tambayi Sista daga baya, ta ce harshen ya riga ya karye, ita ma ba ta gane ba. Ban sani ba ko gaskiya ta faɗa mini ko tausayina ta ji.

A asibiti likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, jini ya toshe a ƙwaƙwalwa. Ya tambaye ni ko ta taɓa nuna wata alama. Na ce jiri, da hannun hagu da yake sakin abu, da maganar da take laushi wani lokaci. Ya ce tun yaushe. Na ce wata guda. Ya cire tabarau ya dube ni. Daga baya ya ce waɗannan gargaɗi ne jiki yake bayarwa kafin babbar ta zo, kuma akwai magungunan da ake bayarwa idan an zo da wuri. Kafin azahar Innarki ta cika.

Na san kwana ne ya ƙare. Na yi imani da haka, ina kuma faɗa wa duk wanda ya zo gaisuwa. Amma kin ce kada in ɓoye miki.

Na rubuta miki, Amatullahi. Ke kika yi tambayoyin, ni na amsa ɗaya bayan ɗaya. Na ce miki sau biyu kofi ya suɓuce daga hannunta na hagu. Na ce miki ranar Alhamis ta kira sunan Salma harshenta ya yi nauyi kamar mai barci. Na tambaye ki ko in kai ta asibiti. Kika ce kin karanta duk abin da na rubuta, hankalinki ya kwanta. Da wannan kalma taki na mai da Sista Morenike gida.

Ban ce ke kika kashe ta ba, Allah Ya kiyaye. Tambaya ɗaya nake yi. Da kika karanta maganar hannun, me ya sa hankalinki ya kwanta? Ko hankalin yana kan kifi ne?

Kawu Bala


Jamus
21 ga Mayu, 2023

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kana cin abinci. Ka yi haƙuri da shirun da na yi. Na fara wasiƙar nan ya fi sau goma ina yagawa.

Ba ni da amsar da za ta gamsar da kai. Hankalina yana kan tafiyar, gaskiya ne. Na san abu ɗaya game da jiri, sai na ɗauka shi ne duka. Ni ba likita ba ce, bai kamata in ce maka ba ya kisa ba. Kamata ya yi in ce ku tafi asibiti a ranar. Laifin nawa ne, ba naka ba, ba na kowa a gidan ba.

Ka roƙa mini Sista Morenike gafara. Ita ta ga Inna da idonta, ni takarda na gani.

Ba na neman ka yafe mini yanzu. Ka kula da Salma.

'Yarka,
Amatullahi


Dilimi, Jos
5 ga Yuni, 2023

'Yata Amatullahi,

Assalamu alaikum. Ina fatan wasiƙar nan ta same ki lafiya. Jiya aka yi sadakar arba'in. Wannan takarda Sista Morenike ce za ta ɗauki hotonta ta turo, za ki ji dalili.

Tun da aka yi rasuwar Salma ba ta koma shagon ɗinkin da take koyo ba. Abinci sai na tsaya a kanta. Na ɗauka rashin uwa ne kawai. Jiya da yamma bayan mutane sun tafi, ta shigo ɗakina da wayarta a hannu ɗaya, da tsohuwar wasiƙata ta biyu ga Afrilu a ɗaya hannun. Ta durƙusa ta ajiye su a gabana. Ta ce, "Baba, ka duba ƙasan." Na sa tabarau. A takardar akwai layi uku na ƙarshe, maganar kofi, da maganar harshe, da tambayar asibiti, sannan sunana. A hoton babu su. Hoton ya tsaya a kan maganar azumi.

Ta matso da bakinta kusa da kunnena ta gaya mini sauran. Ranar tana suyar ƙosan buɗe baki na miƙa mata takardar. Ta kusanto da wayar don rubutun ya fito sosai, ta ɗauka, ta tura, ta koma kan kasko. Ba ta duba ba.

Ta ce ta gane ne ranar da na ba ta wasiƙar nan mai zafi ta tura miki. Tana ɗaukar hoton ta karanta, ta koma ta buɗe tsohon, ta gani. Duk da haka ta tura, don ta kasa gaya mini. Sati biyu tana jiran amsarki, ta tabbata za ki ce, "Kawu, ban ga wannan layin ba." Da amsar ta zo ita ta fara karantawa. Ta ce da kin tona ta da ya fi mata sauƙi.

Amatullahi, kin buɗe hoton nan kin gani, na sani. Kika yi shiru kika ɗauka a kanki. Ni kuma na zauna a nan ina auna miki magana mai ciwo, na aika miki ita kina ke kaɗai a ƙasar da ba ki da kowa. Ki yafe mini. Tambayar da na yi miki a ƙarshen wasiƙar nan, da ana iya janye rubutu da na janye.

Da safen nan na je gidan Sista. Na ce mata ita ta faɗi gaskiya ni na ƙi ji, kuma wannan ba laifin injin niƙa ba ne. Matata tana gabana tana ɗaura ɗankwali da hannu ɗaya, ba na bukatar wasiƙa daga Jamus kafin in tsayar da keke. Alfahari ne ya hana ni. Ina so a ce 'yata ce ta warkar da ita. Sista ta yi kuka, ta ce ita ma da ta sani da ta ja Maimunatu da ƙarfi ko ina so ko ba na so. Kowa a layin nan yana da nasa "da na sani".

Na gaya wa Salma ba ta da laifi, ta ce to. Amma ba daga bakina take jira ta ji ba. Ki rubuta mata. Ni zan iya jiran amsata.

Naki,
Kawu Bala


Jamus
6 ga Yuni, 2023

Salma, ƙanwata,

Assalamu alaikum. Na kira ki sau huɗu ba ki ɗauka ba, to ki karanta. Kin ci abinci yau?

Kawu ya ba ni girman da ban cancanta ba, ke ma haka. Bari in gaya miki abin da ban gaya masa ba.

Ranar da hoton ya zo ina tsaye a ɗakin kifi, ina sauya musu ruwa. Na karanta da hannu ɗaya. Da na kai ƙarshe na lura babu "Naki, Kawu Bala". Tun ina firamare bai taɓa rubuta ko 'yar takardar aike bai sa sunansa ba. Na lura kuma tambayoyi biyar na yi, uku ya amsa, kuma biyun da suka rage su ne masu haɗarin. Har na fara rubuta miki, "Salma, akwai saura?" Sai aka kira ni a ɗaya ɗakin, famfon iska ya tsaya. Na goge, na ce anjima. Da na dawo sai na ce wa kaina ai da akwai wani abu da ya faɗa. Na fi son amsar da ba za ta hana ni tafiya ba.

Don haka ban ɗauki laifinki ba, nawa na ɗauka. Ke kin yi sauri don kada ƙosai ya ƙone. Ni na gani na kau da kai.

Akwai wani kuma. Washegarin rasuwar, da safen ranar da na rubuta wa Kawu ta'aziyya, na sake shiga jirgin. Na shiga na rana ta uku ma. Shugabar aikinmu ta ce in zauna, na ce a'a, kifayen kwanaki kaɗan suke yi a girman da ake bukata. Ina riƙe da na'urar ɗaukar hoto ina kuka, hawayen ba ya gangarowa, sai ya taru a idona ya rufe mini gani har nauyi ya dawo. Aikin ya yi kyau. Yawancin masu wulwulawar duwatsunsu ba daidai suke ba, kamar yadda na zata. Sun ce sakamako ne mai kyau. Tun da muka dawo ban iya buɗe hotunan ba.

Ban san ko da an kai Inna da wuri za ta rayu ba. Na tambayi wata likita a nan, ta ce wataƙila, ta ce kuma wataƙila a'a. Ba wanda zai taɓa gaya mana. Da wannan za mu zauna, ni da ke da Kawu, kuma gara mu zauna da shi a gida ɗaya.

Takardar izinin zamana ta fito ranar Juma'a. Zan sauka Abuja ranar sha takwas ga wata da safe, in hau mota, in sha Allah kafin la'asar ina Jos. Hutun wata biyu suka ba ni a wurin aiki. Ki nuna wa Kawu wasiƙar nan idan kin ga dama, idan ba ki so ni zan gaya masa da bakina.

Ki koma shago gobe, ko da zama kawai za ki yi. Kuma idan za ki gyara ɗakinmu kada ki aro katifa a gidan Sista. Wadda take ciki ta ishe mu.

Yayarki,
Amatullahi